Saƙo daga Bankuba (Vancouver): ƙwayar kitse, wutar lantarki da layin asibiti

Yaya, bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da iyali da su Inna. Ka matsa in yi maka bayanin aikin nan namu, in kuma faɗa maka ko Kanada ta kai yadda ake zuzuta ta. To, ga shi.

A ɗakin binciken da nake, ƙwayoyin kitse muke haɗawa, ƙanana ainun, faɗinsu nanomita 100 ko ƙasa da haka. Sai ka jera ɗaruruwansu kafin su kai kaurin silin gashi. A cikinsu ake ƙunshe magani, yadda ake ƙunshe alala a ganye, don kada ya lalace a jini kafin ya isa inda aka aike shi.

Uban tafiyar a garin nan shi ne Farfesa Pieter Cullis na Jami'ar British Columbia. Fiziks ya karanta har digirin dakta, sannan ya tafi Oksfod da Utrecht ta ƙasar Holan ya koma nazarin kitsen da ke kewaye ƙwayoyin halitta. Shekara da shekaru yana kan wannan, mutanen gari ba su san ma yana yi ba. A 2018 Amurka ta amince da Onpattro, maganin wata cutar gado da ake kai shi hanta cikin irin wannan ƙunshin. Da korona ta zo, rigakafin Pfizer da BioNTech ya fito a ƙunshin kamfanin Acuitas, wanda da Cullis aka kafa shi. A 2022 aka ba shi lambar yabo ta Gairdner tare da Katalin Karikó da Drew Weissman, masanan da bincikensu ya share fagen wannan rigakafin.

Ni abin da na gani shi ne, ba ƙwaƙwalwa suka fi mu ba. Wuta ce, da masu kawo kaya, da masu gyara. Firizarmu tana kan digiri 80 ƙasa da sifili dare da rana, ba janareto ba sayen dizal, don wutar lardin akasari daga madatsun ruwa take. In ta ɗan ɗumama, ƙararrawa ce za ta buga a wayar mai tsaron ta ko da tsakar dare. Sinadari in ya ƙare, a kwamfuta ake oda, ya iso cikin kwali cike da busasshiyar ƙanƙara tana hayaƙi. Ka tuna abin da ɗalibanmu ke sha kafin kwalba ɗaya ta fito daga kwastan.

Wanda ya fi ɗaure min kai na TRIUMF ne, wata cibiyar binciken fiziks da ke harabar jami'ar. Sinadarin da ake sa wa mutum kafin a ɗauki hoton ƙwaƙwalwa da na'urar PET, akwai wanda rabin ƙarfinsa ke tafiya cikin minti 20. Saboda haka suka binne bututu a ƙasa, iska na cilla shi har asibitin jami'a.

Amma kada ka ɗauka komai zam-zam ne. Ganin likita kyauta ne da katin lardi, sai dai samun likitan iyali aiki ne ja. Da gwiwata ta matsa aka rubuta min hoton MRI, watanni na yi ina ɗingishi ina jiran kira. A Kano, in da kuɗi a aljihu, da tuni an yi an wuce wurin. Shi kuwa Onpattro, da ya fito a Amurka dala 450,000 aka sa masa a shekara. Ina talaka ina wannan? Haya kuma ba a magana, ita ke lashe albashi tun kafin a je kasuwa. Tumatirinsu jawur, sumul, amma a miya lami.

Idan ɗan gidan Kawu zai taso, a haɗo shi da kuka, daddawa da yajin Inna, kuma ya bayyana su ga jami'an filin jirgi. Kilishi kam ya bar shi gida, ƙwace shi za su yi. A gaida kowa da kowa.