Gwanjon bindigogin soja a Amurka, har da rasit

Salamu alaikum mutanen gida. Kwana biyu kun ji ni shiru, aiki ne da sanyi suka sa ni gaba, nan Ohayo in hunturu ya shigo ko safar hannu mutum ba ya son cirewa balle ya zauna danna waya. Amma yau dole in rubuta muku don na ga wani abu da ya tsaya min a rai.

Akwai wani dattijo Bature da muke aiki tare a sito, shi ke tuƙa motar ɗaga kaya, ya ba sittin baya, mutumin kirki ne ba laifi, ko da azumi shi ke cewa in je in ɗan zauna ya riƙe min. Rannan motarsa na wajen makanike sai ya ce don Allah in mun tashi in rage masa hanya zai karɓi saƙo. Ni duk zatona gidan waya za mu. Kawai sai ga mu a ƙofar shagon sayar da bindigogi, tsakanin wani gidan wankin kaya da mai sayar da biredi, ba soja ba ɗan sanda ba shinge, ko maigadi babu, ƙofa ce ta gilas ka tura ta yi ƙara ƙilin ka shiga. Wallahi ƙafata sai da ta yi sanyi. Ciki kuwa bindigogi ne jere a bango tun daga nan har can, ƙananan kuma a cikin gilas da farashi rataye a jikin kowace, gefe guda ƙugiyar kamun kifi da rigunan farauta, wata mata da ɗanta a hannu tana taya wata ƙarama tana cewa ta yi mata nauyi.

Saƙon nasa ashe fistol ce ta soja. Ba wai irin ta soja ba, ta sojan Amurka ce ta gaske wadda aka raba wa dakaru, a jikinta an buga cewa dukiyar gwamnatin Amurka ce, ga lambarta raɗau. Mai shagon ya buɗe akwatin a gabanmu, tana kwance cikin soso, launinta toka-toka ya koɗe ta bakin hanci da wajen da hannu ke kamawa, tana warin man bindiga. Dattijon nan hannunsa har rawa yake, ya ce irinta babansa ya rataya a yaƙin Koriya. Kuma gwamnati ce ta sayar masa, da rasit.

Bari in yi muku bayanin yadda abin yake don ni ma sai da na zauna na bi diddigi. Bindigar sunanta M1911, wani John Browning ne ya tsara ta, sojan Amurka suka karɓe ta a 1911, da ita aka yi yaƙin duniya na ɗaya da na biyu da Koriya da Biyetnam, sai a 1985 aka canza ta da wata fistol ƙirar kamfanin Beretta. Harsashi 7 take ci, masu kauri. Lokacin yaƙin duniya na biyu buƙata ta yi yawa har aka ba kamfanonin da ba ruwansu da bindiga kwangila, ta dattijon nan Remington Rand ne suka ƙera ta, masu yin tafireta, kuma su suka fi kowa ƙerawa a lokacin. Har Singer, e Singer dai na keken ɗinki da ke ɗakin iyayenmu, sun ƙera guda 500, waɗannan yanzu in ka samu ɗaya ka yi arziki don masu tara kayan tarihi rububinsu suke. To da aka daina amfani da su ba a watsar ba, aka kwashe kusan 100,000 aka adana a ma'ajiyar soja da ke Anniston a jihar Alabama, shekara da shekaru. Sai wani ɗan majalisar yankin, Mike Rogers, ya ce ajiyar nan tana cin wajen dala 2 kan kowace ɗaya duk shekara, me zai hana a sayar. Ku ji fa, dala 2 ce ta dame su. Aka kai majalisa aka yi ta ja-in-ja, a ƙarshen 2017 aka sa hannu a dokar da ta ce a miƙa su, a 2018 aka fitar da 8,000 na farko.

Kuma ba soja ne ke zama ya yi cinikin ba. Akwai wata hukuma da ake kira CMP, asalinta tun 1903 aka kafa ta don koya wa farar hula harbi, a 1996 aka cire ta daga hannun soja ta koma cin gashin kanta, tana da ofis a Anniston da kuma nan Ohayo a Camp Perry bakin tafkin Erie. Ita ake miƙa wa, ta duba kowace ta raba su aji-aji gwargwadon lafiyarsu, a zagayen farko mai kyau dala 1,050, mai bi mata 950, ta ƙasa 850. Kuɗin kuma ya koma koyar da harbi da gasar matasa. Ku lissafa da canjin yau, ya haura naira miliyan ɗaya kan bindigar da ta girmi babana.

Wahalar da dattijon nan ya sha kafin ta iso kuwa ba a magana. Sai kai ɗan ƙasa ne, mai katin zama ba ya ciki, sai ka kai shekara 21, sai kana cikin wata ƙungiyar maharba da suka amince da ita, sai ka kawo shaidar ka iya riƙe bindiga, ka cike fom ka kai wa mai hatimi ya shaida kai ne ka sa hannu, sannan ka aika ta gidan waya. Da masu nema suka fi bindigogin yawa sai aka sa kwamfuta ta yi ƙuri'a ta ba kowa lamba, ka zauna jiran layi ya zo kanka, shi ya ce ya yi watanni har ya fitar da rai. Na ce masa ba ka da kowa a ciki ne da zai tura maka takardarka sama? Ya kalle ni bai ma gane tambayar ba. Da layi ya zo suka binciki tarihinsa, kuma duk da haka ba su aiko masa gida ba, sai shagon mai lasisi, nan ma a gabana aka sake ba shi wani fom, lamba 4473, tambayoyi rututu, an taɓa ɗaure ka kan babban laifi, kana shan ƙwaya, an taɓa kama ka da dukan iyali, an kore ka daga soja da abin kunya. Mai shago ya shigar a kwamfuta aka tura wa FBI, muna tsaye amsa ta dawo a ba shi. Ya rubuta lambar bindigar a littafinsa, ya karɓi ladansa, shi ke nan.

To a nan ne aka ɓata min rai. Muna jiran amsar sai mai shagon ya dube ni ya ce daga ina, na ce Najeriya, ya ce arewa ko kudu, na ce arewa. Sai ya yi wata dariya ya ce a'a to kai ai ba ka buƙatar cike fom, a wajenku kyauta ake rabawa ko? Wasu biyu da ke gefe suka taya shi. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Dattijon ya yi masa wani kallo ya yi shiru, amma maganar ta riga ta fita. A mota yana ba ni haƙuri, sai kuma da zuciya ɗaya ya tambaye ni, wai mu sojojinmu in bindiga ta tsufa yaya suke yi da ita, akwai inda mutum zai je ya saya? Na ce masa doka ta hana. Kuma gaskiya na faɗa, dokar makamai ta 1959 ta sa fistol cikin haramtattu, lasisinta sai shugaban ƙasa. Amma ina faɗa ina jin kunya, don na san sauran zancen da ban ƙarasa masa ba.

Sauran zancen ku kun fi ni sani. Rahoton babban mai binciken kuɗi na tarayya na 2019 cewa ya yi makamai 178,459 na 'yan sanda ba a san inda suke ba, a ciki AK-47 guda 88,078. Ba ni na faɗa ba, ba 'yan adawa ba, ofishin gwamnati ne. Mutanen nan sun riƙe ƙaramar bindiga shekara 80 lambarta ba ta ɓace ba, mu kuma tamu da aka sayo jiya da kuɗin talakawa ta yi ƙafa ta fita daga ma'ajiya, ba wanda ya gani ba wanda ya sa hannu. Ina ta tafi? Ku tambayi mutanen Zurmi da Batsari da Birnin Gwari. Kullum a ce mana daga Libiya suka shigo bayan faɗuwar Gaddafi a 2011, e na yarda wasu daga can ne, amma harsashin da ake kama jami'ai suna sayar wa 'yan ta'adda shi ma daga Libiya yake? Mu ma muna gwanjon makaman gwamnati wallahi, da daddare ne kawai ake yi kuma mai saye ba ya cike fom.

Ko gwanjon da ake yi da rana ma ai kun san yadda yake. A ce za a sayar da tsofaffin motocin ma'aikata, kafin sanarwa ta fito an riga an raba, darakta ya ɗauki biyu, surukinsa ɗaya, kai da ka je da kuɗinka a ce an rufe jiya. Kuma kar mu ɗora wa manya kaɗai, mu ma in ɗan uwanmu ne ke riƙe da makullin sito me muke ce masa? Cewa muke Allah ya kawo lokacinka, in ya ƙi taɓawa mu ce ba shi da wayo, zai mutu a tsiyace. Ni kaina tambayar da ta fara fitowa bakina ita ce ko dattijon na da wani a ciki, don da haka muka tashi.

Amma fa kar wani ya karanta wannan ya ce na zama ɗan koren Amurka. Abin da na yaba lissafin ne da rasit ɗin, bindigar da ta cika gari kam ba na sha'awarta ko kaɗan. Duk tsaurin nan da na lissafa muku a kan waɗannan tsofaffin ne da kuma shagunan lasisi, a nan Ohayo in maƙwabcinka zai sayar maka da tasa hannu da hannu ba wani bincike da doka ta tilasta, kuma tun Yunin 2022 babba zai iya soke ta a ƙugu ya shiga kasuwa ba tare da lasisin ɗauka ba. A 2021 mutum sama da 48,000 bindiga ta kashe a ƙasar nan, fiye da rabi su suka harbe kansu. A Uvalde ta jihar Texas a 2022 wani yaro ya shiga firamare ya kashe yara 19 da malamai 2. 'Yata da ke aji biyu ta dawo rannan tana nuna min yadda aka koya musu in mai bindiga ya shigo, a kashe fitila a kulle ƙofa a lafe a lungu kar wanda ya yi tari, tana yi tana dariya ita a wajenta wasa ne. Uwarta ta shige ɗaki. Nan in wani ya sha gabanka a titi ba ka leƙo kai ka zazzage masa kamar yadda muke yi a Kano, haƙuri kake ka wuce don ba ka san me ke ƙarƙashin kujerarsa ba. Wani lokaci har kewar rigimar 'yan adaidaita nake, a yi ta hayaniya a taru a ba da haƙuri kowa ya kama gabansa.

Shi ya sa lokacin da gwamnatin Zamfara ta fito a 2022 ta ce jama'a su nemi lasisi su mallaki bindiga su kare kansu, na fahimci zafin da ya kawo maganar, wanda aka kwashe wa iyali ba ka ce masa ya karanta doka. Amma na tambayi kaina wa zai riƙe littafin? Wurin da bindigar hukuma mai lamba ta ɓace ba a tuhumi kowa ba, ta farar hula wa zai bi sawunta? Nan da suke da kwamfuta da fom da hatimi ma ga yadda suke fama, balle a zuba wannan a kan rikicin gona da siyasar ƙauye da gabar da ake gada tun kakanni.

Dattijon dai tasa ko harbawa bai cika yi ba, ya saya mata akwatin ƙarfe mai lamba ya kulle, ya ce jikansa zai bar wa. Ya gayyace ni filin koyon harbi wai in gwada, na ce masa sai an kwana biyu, don ni tun bindigar toka ta maharban garinmu ran hawan salla ban sake tsayawa kusa da inda ake harbi ba kuma ban yi kewa ba.

Sai magana ta ƙarshe, ga masu turo min saƙon murya cewa tunda abin a banza yake a nan in sako musu ko ƙarama ce a cikin motar da zan turo ta Kwatano. Don girman Allah ku daina. Fitar da bindiga daga ƙasar nan ba izini laifi ne na ɗaurin shekaru, a can ma in kwastan suka gani ku da ni duka mun shiga uku, kuma waya ba sirri gare ta ba. Wanda ke son fitila mai sola ko takalmin sanyi ko maganin ciwon gwiwa na Hajiya ya faɗa kafin ƙarshen wata, kwantenar ba za ta jira kowa ba. A gaida kowa da kowa, a kuma turo min kilishi da daddawa in an samu mai tahowa.