Wace balis za ka saya wa tsohuwar kamyo kafin sanyin Janairu?

Da asubar wata Laraba cikin Janairu, kamyona na tsaye a bakin hanyar Dan Issa da lodin wake. Direba ya murza makulli sau huɗu, inji na juyawa da ƙyar, ɗan farin hayaƙi ya fito, sai shiru, jar fitila ta kama a allo. Aka kira mini wani mai yawo da kwamfuta. Ya jona wayarsa, lambobi suka cika allo, ya girgiza kai ya ce, "Alhaji, nozul ne, duka shida," wato masu fesa mai cikin inji. Na biya. Washegari da asuba mota ta sake ƙin tashi. Wani dattijo mai gyaran wayar mota ne ya ɗora mitarsa a kan batir, ya ce wa yaron mota, "Ɗan nan, murza mu gani." Wuta ta faɗo daga volt 24 zuwa 15. Ya kwance wayar mas, wadda ke haɗa batir da jikin mota, sai ga kanta ya yi kore shar kamar gansakuka. Aka kankare, aka canza batir ɗaya, shi ke nan. Tun ranar na ƙudura sai na mallaki na'urar karanta matsalar inji, wadda makanikan Maradi ke ce wa balis, kuma sai na iya karanta ta da idona.

Sanyinmu ba irin na Kanada ba ne. A Disamba da Janairu dare kan sauka wajen digiri 12 zuwa 15, kuma gazol ba ya daskarewa a haka. Sai dai masu hawa Agadez, Dirku da Bilma, su kan gamu da daren da ke kusantar sifili. Abin da hunturu ke yi mana shi ne tona asirin abin da ya riga ya gaji. Injin gazol ba shi da tartsatsi, zafin matse iska ne ke kunna man. Ƙarfe ya yi sanyi ya sha zafin, baƙin mai ya yi kauri, batir ya yi rauni, ga ƙura ta toshe matatar iska. Idan wuta ta faɗi lokacin tayarwa, ƙwaƙwalwar inji, wato kwamfutar da ke sarrafa shi, sai ta ruɗe ta rubuta laifi a kan sassan da lafiyarsu ƙalau. Shi ya sa ma'aunina na farko ga kowace balis shi ne: tana nuna mini abin da ke faruwa a daidai lokacin da inji ke juyawa, ko lambobi kawai take zubowa?

Kafin ka taɓa aljihu, duba ko motarka ma tana da ƙwaƙwalwa. Marsandi 911 da 1113, tsofaffin Berliet, Land Cruiser mai injin 1HZ, duk famfon ƙarfe ne zalla, babu wurin jona komai. Mai irin waɗannan ya sayi mita mai kyau ya huta. Wasu kuma suna faɗa maka matsalarsu kyauta: Marsandi Actros, da aka fara yi a 1996, tana nuna lambobin matsala na MR (ƙwaƙwalwar inji) da FR (ƙwaƙwalwar tuƙi) a allon direba, MAN TGA ta shekarar 2000 zuwa sama tana nuna na EDC, ƙwaƙwalwar injinta.

Ƙaramin abin nan mai suna ELM327 da ake haɗawa da wayar hannu, na ƙananan motoci ne masu wuta 12. Yana iya karanta maka lambar P0380 ta hitar da ke ɗumama inji kafin tashi ko P0087 na ƙarancin matsin mai a Hilux. A kamyo mai wuta 24 kuwa, na taɓa jona ɗaya na bogi da na saya jika goma, ban ƙirga uku ba na ji ƙaurin roba. A cikin balis na manyan motoci, Nexiq na motocin Amurka ne, mai Mack ya duba shi. Jaltest ta Sifen da Texa ta Italiya ba su da na biyu wajen motocin Turai, amma kuɗinsu da na sabunta lasisi duk shekara sai babban gareji. DAVIE na DAF, Xentry na Marsandi da MAN-cats kowanne gidansu kaɗai ya sani. Akwai kuma 'yan ƙananan na hannu da ake rubuta wa HD, wato na manyan motoci, masu jin yaren J1939 da J1708. Suna aiki a injin Cummins da makamantansa, amma yawancin tsofaffin motocin Turai da ke zuwa mana suna magana ne da yaren kamfaninsu, sai na'urar ta tsaya tana kallonka.

Wadda na tsaya a kanta ita ce Launch X431, mai kama da babbar wayar hannu, haɗe da akwatinta na manyan motoci mai ɗaukar wuta 24. Kamfanin na Shenzhen ne a ƙasar Sin. Abin da ya fara saye ni jakar wayoyinta ce, domin tsofaffin kamyo ba su da bakin jona balis iri ɗaya: Marsandi zagayayye mai ƙafa 14, DAF zagayayye mai 16, MAN mai 12 ko 37, Volvo mai 8, na Amurka mai 6 ko 9. Balis ba tare da wayar motarka ba, kwalliya ce kawai. Na biyu, tana jin Faransanci, yaron da ya yi lakwal zai iya karanta maka. Na uku, wanda ya fi komai, tana zana abin da inji ke yi a raye, ka zaɓi abubuwa uku ko huɗu ka sa musu ido tare.

Ga yadda nake aiki da ita. Bayan sallar asuba, inji bai tashi ba tun jiya, na buɗe makulli kawai. Abu na farko zafin ruwa: dole ya yi kusa da sanyin garin. Idan gari na 14 ita kuma tana nuna 40 ƙasa da sifili, waya ta tsinke ko ma'aunin ya mutu. Idan tana nuna 70 alhali ƙarfe sanyi ƙarara, ƙwaƙwalwa za ta ɗauka inji da ɗumi, ba za ta kunna abin ɗumama iska ba, ba za ta ƙara mai ba, ka yi ta murzawa a banza. Sai wuta: batir biyu cikakku suna ba da wajen 25, kuma lokacin juyawa bai kamata su faɗi ƙasa da 19 ba. Sai gudun juyawa: inji na juyawa kana ji da kunnenka amma allo na nuna sifili, to ma'aunin juyin inji ne, kuma ƙwaƙwalwa ba za ta saki ɗigon mai ba sai ta gan shi. A injuna masu bututun mai na haɗaka, matsin kan buƙaci kai wajen bar 200 zuwa 300 (bar ma'aunin matsi ne) kafin su kama. Idan yana hawa a hankali kamar mai hawan tudu da kaya, nemi iska a layin mai ko toshewar matata kafin ka zargi famfo.

Lambobin kansu ba su da wuya a motocin da ke bin J1939. Kashi biyu ne: SPN na faɗin wane sashe, FMI na faɗin wane irin laifi. SPN 110 zafin ruwa, 100 matsin baƙin mai, 168 wutar batir, 94 matsin gazol, 97 ruwa a cikin gazol. Wannan na ƙarshe duk mai shan man 'yan ruwa-ruwa daga durom zai saba da shi, kuma maganinsa sau da yawa kwance ƙasan matata ne a tsiyaye ruwan. FMI 3 wuta ta yi yawa, 4 ta yi kaɗan, 5 waya ta yanke. Duka ukun nan zancen waya ne kafin su zama zancen sashe. Da na san haka a waccan Larabar, da kuɗin nozul shida na nan a aljihuna.

Tana da nata aibu: kuɗin sabuntawa, kuma wasu ayyuka masu zurfi sai balis ɗin kamfanin motar. Na yarda da wannan.

Abin da ban yarda da shi ba shi ne cutar da ta cika harkar. Kasuwa cike take da kwafin balis ɗin Delphi DS150E da Autocom, akwati iri ɗaya, tambari iri ɗaya, ciki kuwa Allah kaɗai ya san wanda ya haɗa. Wani ya yi aiki wata uku, wani ya yanke magana a tsakiyar aiki. Karanta lamba da shi da sauƙi, amma kada ka bari a taɓa saitin ƙwaƙwalwar motarka da kwafi, domin idan ya tsaya a rabi ka tashi da mota matacciya. Launch ɗin ma ana cuta da sunanta. Za a nuna maka allon a ce yana yin kamyo, alhali akwatin manyan motoci daban ake sayensa. Za a sayar maka da ta hannu wadda ke rajista da sunan wani, ba a ba ka kalmar sirri ba, ranar da ta nemi sabuntawa ka rasa mai ita. Wani zai zare wayoyi biyu ko uku daga jaka ya sayar daban, kuma kullum waɗanda aka fi nema ne ke ɓacewa.

Masu gyara ma akwai na banza a cikinsu. Ya jona, ya danna gogewa, fitila ta mutu, ya karɓi kuɗinsa. Bai gyara komai ba, ya ma shafe maka shaidar da ke faɗin zafin inji da ƙarfin wuta a lokacin da laifin ya faru. Ni ba a goge lamba a motata sai na ɗauki hotonta da waya. Haka dillalan tsofaffin motoci: a goge lambobi, a ɗumama inji kafin ka iso, wani har ƙwan fitilar gargaɗi yake cirewa. Buɗe makulli ka duba, fitilar ta kama sannan ta mutu, idan ba ta kama ba sam an taɓa ta. Ka je ganin mota da sassafe, ka ɗora tafin hannunka a kan inji tun kafin a gama gaisawa.

Ko daga Kano za a kawo maka balis ɗin, ko daga Yamai, ko ɗan'uwa ne zai auno ta daga Sin, ka rubuta masa sunan motarka, shekararta da irin bakinta, da hoto. Idan a nan gari ne, ka ce wa mai kaya, "Malam, mu je gareji tukuna." A jona ta a motarka, ta shiga ƙwaƙwalwar inji, ta nuna zafin ruwa da wutar batir suna motsi, ka ƙirga wayoyin jaka ɗaya bayan ɗaya, a mayar da rajista kan adireshinka a gabanka, sannan ka ƙirga masa kuɗinsa.