Vision Quest ko Win Win? Ɗan'uwa ka ɗauki Win Win kawai

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Tsakanin fina-finan nan biyu na kokawar 'yan sakandare a Amurka da ka tambaya wanne ya kamata ka nema, Vision Quest da Win Win, ni dai ba sai na yi ta kwana-kwana ba, Win Win za ka nema. Duka biyun suna hannuna, ɗaya na kalla har na haddace wasu maganganun ciki, ɗayan kuma yana nan a filas yana cin waje kawai, har yau kuɗin da na ba da na turi yana min ciwo.

Vision Quest na 1985 ne, Matthew Modine ne jarumin, ya fito a matsayin wani yaro Louden Swain a garin Spokane na jihar Washington. Labarin gaba ɗaya shi ne yaro yana da nauyin kusan kilo 86 sai ya ƙudura sai ya sauko zuwa kilo 76 don kawai ya gamu da wani Shute wanda ba a taɓa kayarwa ba. To daga nan fa sai gudu cikin rigar fitar da gumi, ƙin cin abinci, haɓo, jiri, ga kiɗa yana tashi a baya. Shi kuma Shute an nuna shi yana hawa matakalar filin wasa ɗauke da gungumen icce a kafaɗa, wato dai akto da bos irin wanda muka saba, tun daga rabin fim ka san yadda za a ƙare. Ba zan ce ba shi da komai ba, tsofaffin 'yan kokawar Amurka suna ji da shi sosai, kuma akwai wurin da wani kuku abokin aikin yaron a otal yake masa bayanin dalilin da ya sa ya bar aikin ranar don ya je kallon wasan minti shida kacal, wannan wurin kam ya yi. Amma kusan rabin fim ɗin soyayya ce tsakanin yaron da wata mace da ta girme shi da ta sauka a gidansu, har Madonna ta fito tana waƙa a mashaya, sam ba fim ɗin da za ka kunna a falo da iyali ba ne.

Abin da ya fi ɓata min rai da shi ma ba wannan ba ne, yadda aka mai da kashe kai da yunwa jarumta ne. A 1997 'yan kokawar jami'a uku suka mutu a Amurka cikin 'yan makonni, duk wajen ƙoƙarin rage nauyi kafin ranar awo, bayan nan ne aka haramta rigar roba da ɗakin zufa, su ma makarantun sakandare daga baya aka sa musu doka, sai an gwada ruwan jikin yaro da kitsensa tun farkon kakar wasa, namiji ba ya sauka ƙasa da kashi 7 cikin ɗari na kitse, kuma ba a yarda ya zubar da fiye da kashi 1.5 na nauyinsa a sati ba. Wato abin da Louden ya yi a fim, yau in yaro ya gwada kocinsa ne zai shiga uku. In akwai ƙaninka da ke motsa jiki kuma yana saurin kwaikwayo, ka san me kake kunna masa.

Win Win kuwa na 2011 ne, Tom McCarthy ya ba da umarni, kuma shi kansa ya yi kokawa a sakandaren garin New Providence a jihar New Jersey inda labarin yake, shi ya sa komai na ciki kamar ka leƙa ta taga ne. Paul Giamatti ne ya fito a Mike, wani lauya da kasuwa ta tsaya masa, injin ɗumama ofishinsa ma sai ƙara yake ba kuɗin gyara, da yamma kuma yana koyar da kokawa a makaranta, 'yan wasansa kullum sai an lallasa su. Sai ya yi wata 'yar dabara marar kyau, ya karɓi riƙon wani tsoho mai ciwon mantuwa a kotu saboda dala 1,500 da ake biya duk wata, ya ce zai kula da shi a gidan shi tsohon, yana fita ya kai shi gidan tsofaffi ya ajiye. Kwatsam sai ga jikan tsohon, Kyle, ya gudo daga Ohio, gashi fari fat an rina, sigari a baki, magana ɗaya biyu ya yi shiru, ashe yaron nan gwanin kokawa ne na ƙarshe.

Ga inda bambancin yake. Yaron da ya fito a Kyle, Alex Shaffer, ba ɗan fim ba ne, ɗan kokawa ne na gaske wanda ya ci gasar jihar New Jersey a 2010 a ajin masu nauyin kilo 54, wannan ne ma fim ɗinsa na farko. Saboda haka kamara ba ta buƙatar yanke-yanke don ɓoye komai, sai a bar ka ka ga yadda yake sunkuyawa, yadda yake shiga ƙafa, yadda yake zamewa in an hau bayansa. Akwai wani kawuna da ya yi kokawa a ƙauye zamanin samartakarsa, ya zo jinya ya kwana biyu a wurina, na kunna mana a laftof bayan isha'i ina fassara masa. Da farko faɗa ya dinga yi, yana ganin gwiwar yaro ta taɓa ƙasa sai ya ce to ai an yi kaye, me alƙalin yake jira kuma, waɗannan wace irin kokawa suke yi a kwance. Na ce Kawu tasu ba irin tamu ba ce, su faɗuwa maki ce kawai, zagaye uku ake yi kowanne minti biyu, wasa yana mutuwa in an danne kafaɗun mutum biyu a katifa na daƙiƙa biyu, in ba a samu haka ba sai a ƙirga maki, wanda ya kuɓuce daga ƙasa ma yana da maki ɗaya. Bai ce komai ba. Can da aka nuna Kyle ya cafki ƙafar wani, sai na ga tsoho ya gyara zama ya matso da fuskarsa kusa da allon, ya ce mayar min baya, na mayar, ya ce kalli ƙugunsa, wannan yaron ba koya masa aka yi jiya ba, hannu ba ya kaye sai ƙugu ya yarda. Daga nan shayinsa ma sai da ya huce bai sha ba.

Kuma fim ɗin bai ɓoye cewa kokawar sakandare a can ba wani babban biki ba ne. Ɗakin wasan makaranta, benci rabi ba kowa sai iyaye, yara sirara cikin matsattsiyar riga da abin kare kunne, koci uku a gefe suna ihu kowa da abin da yake faɗa. Kafin Kyle ya shiga sai ya ce wa Mike ya ɗan mare shi don ya farka, shi kuma lauya ya tsaya yana jin nauyi. Wanda ya fi burge ni ma ba Kyle ba ne, wani raggon yaro ne Stemler da tsoro ya hana shi shiga wasa, ranar da ya shiga ba wanda ya ce masa ya ci, cewa aka yi kawai kar ka bari a danne ka, domin a lissafin ƙungiya in an danne ka abokan hamayya maki shida suka samu, in kuwa da maki aka ci ka bai kai haka ba. Yaro ya sha wuya ya yi ta rarrafe amma bayansa bai kwanta ba, aka yi ta murna kamar kofi ya ɗauko. Wanda bai taɓa zama a gefen katifa ba ba zai rubuta wannan ba wallahi. Ƙarshensa ma ba irin na ɗaga jarumi a kafaɗa ba ne, ba zan ɓata maka ba, ka dai san ƙaryar da Mike ya yi a kotu tana nan tana jiransa. Aibinsa ɗaya akwai ashar a bakinsu sosai, in da yara za ka kalla ka fara dubawa kai kaɗai.

Na ga wani cikin masu ba ka amsa ya ce ka nemi Legendary na John Cena, 2010. Eh shi ma kokawar makaranta ce, a Oklahoma, amma kamfanin WWE ne ya yi shi, kallo ɗaya ya ishe shi. Masu cewa Dangal kuma, fim ne mai kyau ba musu, sai dai na Indiya ne kan uba da 'ya'yansa mata da gasar ƙasa da ƙasa, ba abin da ka tambaya ba ne.

Sai batun da ba ka tambaya ba amma dole in faɗa, ka yi hattara da wasu masu shagon turi. Da yawansu da ka ce fim ɗin kokawa abin da ke zuwa kansu resilin ne, sai su loda maka wasannin WWE ko The Wrestler na Mickey Rourke su ce ai shi ne, alhali wannan kan resilin na nishaɗi ne ba ruwansa da makaranta. Wasu kuma suna canza wa fayil suna kawai, ka je gida ka buɗe ka tarar da wani abu daban ko kuma rabi ne ya yanke, ka dawo su ce wayarka ce. Shi Vision Quest a wasu ƙasashe da sunan Crazy for You aka sayar da shi, don haka in ka ga wannan sunan kar a karɓi kuɗinka sau biyu a ce maka fim biyu ne. Win Win kuma suna ne da ake yawan sawa, ka ce na 2011 mai Paul Giamatti, a buɗe maka a gabanka, ka ja shi zuwa tsakiya ka ga yaro mai farin gashi a katifa, ka ja zuwa ƙarshe ka ga sunaye suna hawa, sannan ka biya. Kuma ka je da memorinka, kar ka sayi nasu na kan tebur da aka rubuta 64 giga a jiki.