Harsashin FMJ a filin atisaye

Shekara 11 ina koya wa sababbin jandarmomi harbi a nan Maradi, kuma a ƙaramar bindiga harsashin da ya fi kwanta mini shi ne FMJ (full metal jacket, wato mai cikakkiyar rigar ƙarfe) na 9x19, mai kaurin milimita 9 da kwanso mai tsawon milimita 19. Cikinsa dalma ce, an sa mata rigar jan ƙarfe, shi ya sa ba ya dame bututu kamar na dalma zalla. Kansa a mulmule yake, yana hawa ba gardama, ko da ƙurar hunturu ta shiga ko'ina.

Na gwada mai giram 7,5 da mai giram 8 na Sellier & Bellot, wani kamfanin ƙasar Cek, kwali mai guda 50. Mai giram 8 ya fi mini taushin bugu a hannu, kuma a mita 25 ramukan sun fi haɗuwa. Wani yaro da hannunsa ke rawa ya ce, "Mai gida, wannan bai firgita ni ba."

Aibinsa ɗaya, ratsawa yake ya wuce. Ba na yarda a harba shi sai da tudun yashi bayan allo, don gonakin gero ba su da nisa.

A Amurka masu sake cika kwanson harsashin da aka harba suna leƙa cikinsa: mai rami ɗaya a tsakiya shi ake kira Boxer, yana cikuwa da sauƙi, mai rami biyu kuwa Berdan, sai wahala. Mu nan tsince su muke, mu ƙirga, mu mayar ma'ajiya. In ɗaya ya ɓata, ranar ba mai tafiya gida da wuri.