Knights of Labor da AFL: Wacce Ta Fi Rungumar Lebura?

A Amurka ta shekarun 1880, manyan ƙungiyoyin ƙwadago biyu ne suka yi tashe, kuma hanyarsu ba ɗaya ba ce.

Knights of Labor, wadda aka kafa a Filadelfiya a 1869, ta karɓi kusan kowa: mata, baƙar fata, har leburan da ba su da sana'ar hannu. Lauyoyi, masu banki da masu sayar da giya ne ta ƙi, sai kuma 'yan China, kuma wannan wariyar babban tabo ne a kanta. A 1886 mambobinta sun kai wajen dubu 700. A watan Mayun shekarar bam ya tashi a dandalin Haymarket na Chicago, jaridu suka shafa wa Knights kashin kaji, mambobinta suka fara watsewa.

A Disambar wannan shekarar Samuel Gompers, mai naɗa taba da hannu, ya jagoranci kafa AFL (American Federation of Labor), wato tarayyar ƙungiyoyin ƙwadagon Amurka. Galibi ƙwararru ta tara, irin su kafintoci, ta tsaya kan albashi da awannin aiki. Ta ɗore har 1955, lokacin da ta haɗe da CIO, wata tarayyar ƙungiyoyin ma'aikatan masana'antu.

Duk da haka ni Knights nake so, domin a wancan zamanin matar da ke wuni a tsaye a masaƙa ba ta da gurbi a yawancin ƙungiyoyin AFL.