Yawon faɗuwar rana a tafkin bakin teku: me kake saya, kuma ina ake tafka asara?

Kusan duk inda teku ta tara yashi ta killace wani ruwa a bayansa, za ka tarar da masu jirage suna sayar da abu iri ɗaya. A ɗauke ka da la'asar sakaliya, a zaga da kai cikin tafkin sannu a hankali, ka kalli faɗuwar rana daga kan ruwa, a dawo da kai. Tafiyar ba ta cika wuce awa ɗaya da rabi zuwa biyu ba. A ganinmu hidima ce da ta ci kuɗinta, amma fa sai abu uku sun daidaita: lokacin dawowa, matsayin ruwa a ranar, da irin injin da ke maƙale a bayan jirgin. Hoton da ke jikin talla ba ya nuna ko ɗaya a cikinsu.

Daɗin irin wannan tafki shi ne kwanciyar ruwansa. Tudun yashin da ya raba shi da teku yana karya manyan igiyoyi tun a waje, don haka mai saurin tashin zuciya da tsoho da yaro duk suna iya zama lafiya. Sai dai ruwan ba shi da zurfi. Tafkin Benis na Italiya ya kai faɗin murabba'in kilomita 550, amma matsakaicin zurfinsa kusan mita ɗaya ne, shi ya sa aka kakkafa turakun katako suna nuna wa jirage hanya. Yawancin tafkunan gaɓar teku haka suke, 'yan hanyoyi masu zurfi a tsakiyar laka da yashi. Rabin matsalolin tafiyar daga nan suke fitowa.

Mu fara da lokaci, domin a nan aka fi cutar fasinja ba tare da ya sani ba. Daga sa'ad da gindin rana ya taɓa ruwa zuwa ɓacewarta, minti biyu ne da 'yan daƙiƙoƙi a ƙasashe masu zafi, wajen uku a wurare irin kudancin Turai. Ainihin kallon yana zuwa ne bayan ta ɓace. Haskenta yakan ci gaba da dukan gajimaren da ke can sama daga ƙasa, sai ja da ruwan goro da shunayya su bazu, ruwan tafkin kuma da yake kwance yake, ya kwafe su kamar madubi. Wannan yakan kai ƙarshen kyau minti 10 zuwa 20 bayan faɗuwar. Hasken almuru da ido ke iya aiki da shi yana ƙarewa idan rana ta yi ƙasa da digiri 6, wato wajen minti 22 a kusa da tsakiyar duniya, rabin awa ko fiye idan an yi nisa da ita.

To, da yawa daga cikin masu jirage da zarar rana ta nutse sai su tayar da inji su juya gida. Fasinjoji suna tafa hannu, mafi kyawun sararin sama kuma yana bayan ƙeyarsu, ga ƙarar inji. Dalilin ba ɓoyayye ba ne: ko dai jirgin ba shi da fitilun dare, ko ba a ba shi izinin ɗaukar fasinja cikin duhu ba, ko kuwa hanyar komawa ba ta da alamomi masu haske. Don haka kafin ka biya, tambayar da ta fi amfani ita ce ƙarfe nawa ake ɗaure jirgi a dawowa. Duba lokacin faɗuwar rana na ranar a wayarka. Tafiya mai kyau tana tashi minti 60 zuwa 75 kafin wannan lokaci, ba ta kuma isowa gaɓa sai aƙalla minti 25 bayansa. Wanda ya kafa lokacin tashi ɗaya tak duk shekara, tilas a wasu watanni ya yi sammako, a wasu ya makara. Ka kuma tuna cewa lokacin da waya ta nuna na fili ne fetal. In akwai tudun yashi ko bishiyoyi ko gini a yamma, rana za ta ɓuya minti biyar zuwa goma kafin nan. Matuƙa suna da ma'auninsu: ka miƙe hannu ka dunƙule, faɗin dunƙulen kusan digiri 10 ne, idan shi ne tsakanin rana da ruwa to saura wajen minti 40 a ƙasashe masu zafi.

Sai matsayin ruwa, wanda fasinja ba ya tambaya, mai sayar da tikiti kuma ba ya faɗa. A yawancin gaɓoɓi teku tana cika ta janye sau biyu a yini, tsakanin cika da cika awa 12 da minti 25, kuma kullum lokacin yana makara da kusan minti 50. Ma'ana faɗuwar ranar da ta dace da cikar ruwa yau, nan da mako guda za ta dace da janyewarsa. A ranakun tsayuwar wata da cikarsa bambancin da ke tsakanin cikar ruwa da janyewarsa ya fi girma. A tafkin Ria Formosa da ke kudancin Fotugal yakan kai mita 3, har wurin da jirgi ya bi da rana ya koma filin laka da yamma. A Bahar Rum bambancin kaɗan ne, wasu tafkunan kuma bakinsu a toshe yake, iska ce kawai ke tura ruwansu gefe.

Mafi dacewa shi ne awa biyu na ƙarshe kafin ruwa ya gama cika. Ƙananan hanyoyi a buɗe suke, kuma in cikin jirgi ya taɓa ƙasa, ruwan da ke ƙaruwa zai ɗaga shi cikin 'yan mintuna. In kuwa ruwa na janyewa ne jirgi ya kafe a laka, sai dai a zauna, zaman kuma na iya kai awoyi, cikin duhu da sauro. Janyewar ruwa tana zuwa da wari irin na ruɓaɓɓen ƙwai, wanda lakar da ba ta samun iska ke fitarwa. Amma a yi mata adalci: a lokacin ne zalɓe da sauran tsuntsayen gaɓa ke sauka kiwo a kan lakar, don haka mai son kallon tsuntsaye ba zai ce ya yi asara ba. Wani abin da gogaggen matuƙi ya sani shi ne jadawalin cika da janyewar ruwa da ake bugawa na bakin teku ne, can cikin tafki ruwa yakan makara, wani lokaci da awa guda ko fiye.

Wuri ɗaya ne a tafki ba ya da sauƙi, wato mashigar da yake haɗuwa da teku. Rabin duk ruwan da zai shiga ko ya fita yana wucewa ne a awa ta uku da ta huɗu cikin kusan awa shida da yake yi yana cika ko janyewa, kuma idan mai fita ya yi karo da igiyar teku mai shigowa, sai ruwa ya miƙe tsaye gajeru-gajeru. Ruwa ba sa'an kwando ba ne. Matuƙin da ya ce zai leƙa da ku waje domin ku fi ganin rana, alhali ruwa na janyewa, ku ce masa kun gode.

Game da jirgin kansa, wanda ya fi dacewa da wannan aiki shi ne mai shimfiɗaɗɗen dandamali a kan manyan bututun alminiyam biyu ko uku. Ba ya tangaɗi, abin da ke nutsewa a jikinsa bai cika kai rabin mita ba, ana iya tashi a zaga, keken guragu ma yana shiga idan matsayar ta daidaita da shi. Aibinsa iska tana tura shi gefe kamar faranti, kuma ba na igiya ba ne ko kaɗan. Jirgi mai ƙyallen iska ya fi kyau a hoto, sai dai iskar teku takan yi ƙarfi da rana ta mutu dab da faɗuwarta, saboda haka galibi da inji za a ƙarasa. Siririn kwale-kwale mai inji yana kutsawa lungunan da sauran ba sa shiga, amma duk lokacin da mutum shida suka taso gefe ɗaya domin ɗaukar hoto, sai ya kwanta. A irinsa zama ake yi, kuma inda matuƙi ya ajiye ka nan za ka tsaya.

Inji shi ne ke raba tafiyar hutu da tafiyar haya. Tsohon samfurin da ake haɗa wa fetur da baƙin mai, galibi kashi 50 da kashi 1, yana da ƙara da shuɗin hayaƙi, kuma a tafiyar hawainiya ya fi yin hayaƙin domin man ba ya ƙonewa sosai. Idan iska na biyo jirgi daga baya, hayaƙin yakan shige ƙarƙashin rumfa ya zauna. A cikinsa akwai iskar kabon monoksayid wadda ba ta da wari, alamarta ciwon kai da jiri, mutane kuma su ɗauka ruwa ne ya juya su. Injin da ke da rumbun baƙin mai daban ya fi shiru nesa ba kusa ba, na lantarki kuwa har motsin kifi kana ji. Ko wanne ne, kujerun gaba sun fi na baya. Gudun da ya dace kilomita 7 zuwa 11 ne a awa. Fiye da haka, iska ta hana hira, igiyar da jirgi ke tayarwa kuma ta kori tsuntsaye ta zaizaye gaɓa.

Lalacewar da aka fi gani ba babba ba ce. Injin yana zuƙar ruwan tafki domin ya huce, yana kuma tsartar da wani siririn ruwa ta gefe a matsayin shaida. In leda ko ciyawar ruwa ta toshe ƙofar da yake zuƙar ruwan, tsartuwar sai ta tsaya, inji ya ɗau zafi, 'yar farfelar roba da ke tura ruwan kuma ba ta jure bushewa ko na minti ɗaya. Matuƙin kirki yana waiwayar wannan tsartuwa a kai a kai. In ta tsaya zai kashe inji, ya ɗaga ƙafarsa sama, ya cire abin da ya naɗe, aikin minti biyu. Wanda bai lura ba, sai an jawo shi da igiya.

Alama mafi girma ta cewa an iya aikin ita ce a kashe inji gaba ɗaya. Matuƙi ya isa wurin da yamma take a buɗe minti goma kafin faɗuwa, ya jefa anga ko ya bar ruwa ya ja jirgin, ya juya gefensa ga rana domin kowa ya gani ba tare da leƙe ta kafaɗar wani ba, a yi minti 20 ko 30 a haka. Masu sa kiɗa a lasifika a wannan lokaci, mun rage musu maki ba tare da wata-wata ba.

Kayan kariya kallon minti ɗaya ne kafin a kwance igiya. Ƙirga rigunan ceto, ka ga sun kai yawan mutane, kuma ba a kulle suke a akwatin da aka zauna a kai ba. Mai lamba 100 a jikinta ita ce ta ruwa mai kwanciya irin wannan. Mai lamba 50 taimako ce kawai ga wanda ya iya iyo. Ta yaro dole ta zama daidai nauyinsa, da maɗauri ta tsakanin ƙafafu, in ba haka ba ruwa zai zare ta ta kansa. Dokar ƙasa da ƙasa ta 1972 kan kauce wa karon jirage ta wajabta kunna fitilu daga faɗuwar rana zuwa fitowarta: ja a hagu, kore a dama, fari a baya ko a sama. Jirgin da ke sayar da faɗuwar rana amma ba shi da su, ka san amsar tambayar lokacin dawowa tun kafin ka yi ta. A samu rediyon ruwa mai tasha ta 16 ta neman agaji, domin waya takan rasa sabis a bayan tudun yashi. Sannan igiyar kashe inji, wadda ke kashe shi idan matuƙi ya faɗa ruwa, ta kasance ɗaure a jikin matuƙi, ba a rataye a sitiyari ba. Idan hadari ya haɗo, ƙirga tsakanin walƙiya da tsawa: kowace daƙiƙa 3 kilomita ɗaya ce, in bai kai daƙiƙa 30 ba, wurinku gaɓa.

Ƙwari kuwa, lokacin da iska ta kwanta shi ne lokacinsu. Sauro da wasu mitsi-mitsin ƙudaje masu cizo suna fitowa daga ciyayi da bishiyoyin gaɓa da almuru, amma ba sa son nisa da tudu, don haka tsayawa a tsakiyar ruwa ya fi raɓewa a gefe. Riga mai dogon hannu tana maganinsu, tana kuma maganin sanyin da ke saukowa da zarar rana ta tafi. Man korar sauro mai sinadarin DEET kashi 20 zuwa 30 ya wadatar, sai dai yana cin roba, kada ya taɓa tabarau. Ƙananan jirage da yawa ba su da banɗaki, a gama wannan a tudu.

Alkawarin ganin dabbobin ruwa ko ruwa mai walƙiya da dare, ka ɗauke shi a matsayin gyara. Walƙiyar gaskiya ce, wasu ƙananan halittu ne ke ba da shuɗin haske idan an motsa ruwa, amma a wasu tafkuna kawai, kuma sai duhu ya yi sosai babu farin wata. Tafiyar da ke ƙarewa rabin awa bayan faɗuwar rana ba za ta kai ga wannan duhu ba.

A hanyar dawowa kada kowa ya haska fitilar waya gaba. Idon matuƙi yana buƙatar mintuna kafin ya saba da duhu, haske ɗaya kuma ya mayar da shi farko, alhali turaku da tarun masunta yake nema. Wajen sauka, ruwa ya riga ya canza tsayi tun da kuka tashi, don haka matakin da kuka taka ɗazu yana iya zama sama ko ƙasa da inda kuka bar shi, wanda ruwa ya janye daga kansa kuma gansakuka ce a shafe. A jira a ɗaure igiyar gaba da ta baya, a miƙa jaka tukuna, sannan a fita ɗaya bayan ɗaya da hannu biyu a sake.