Karɓa-karɓa ko karo-karo: wanne ya fi sauƙi ga abincin rana a wurin aiki?

Malam, ka ce ku takwas ne a ƙaramin asibitin wani ƙauye a yankin Taura ta jihar Jigawa, yawancinku a babur kuke zuwa daga wasu garuruwa, kuma kowa yana kashe kusan Naira 1,000 a rana wajen mai tallan abinci. Yanzu shawara ta rabu gida biyu. Wasu na son karɓa-karɓa, yau wannan ya kawo abincin kowa daga gidansa, gobe wancan. Wasu kuma sun ce a yi karo-karo a auno kayan abinci, a ba wata mata a garin ta riƙa dafa muku. Kana neman a faɗa maka wanne ya fi.

Karo-karo na zaɓar muku, amma da sharuɗɗa. Bari in jera maka su biyun ka ga dalili.

Fara duba inda kuke a yanzu. Naira 1,000 sau kwana 20 na aiki, Naira 20,000 ke nan a wata. Mafi ƙarancin albashin da aka sa wa hannu a 2024 Naira 70,000 ne. Jigawa ta tsaya a kansa, Kano ta ce 71,000. Ka ga ƙaramin ma'aikaci yana ba cikinsa shi kaɗai fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na albashinsa, bai sha wa babur mai ba, man da kowa ya san yadda ya koma tun da aka cire tallafi a watan Mayun 2023, bai kuma yi wa iyali awo ba. Ku takwas ɗin kuwa Naira 160,000 kuke fitarwa duk wata. Mai talla ba cutarku take yi ba. Kwano-kwano take sayen shinkafa, mai a ƙulle a leda, sau da yawa ma bashi take karɓowa, ga icce, ga 'yar ribar da za ta rufa wa kanta asiri. Tsadar sayen ɗai-ɗai ce take sauke muku a faranti. Don haka kowace hanya kuka bi cikin biyun nan za ku samu rangwame a kan halin da kuke ciki. Abin dubawa shi ne wace ce za ta ɗore, kuma wa zai ɗauki nauyin da ba a gani.

Karɓa-karɓa yana da daɗin ji, don da ciyayya muka tashi: magidanta a ƙofar gida bayan magariba, kowa yaro ya fito masa da kwanonsa, a haɗa a ci. Babu kuɗi a hannun kowa, saboda haka babu ma'aji balle zargi. Wanda ya yi noma a rumbunsa zai ɗiba, aljihunsa bai ji ba. Sau ɗaya ne layi zai zo kanka a kwana takwas na aiki, sauran kwanakin hannu kawai za ka wanke. Ga canjin baki kuma, yau dambu, gobe dafa-duka, jibi taliya 'yar murji da mai da yaji.

Amma ciyayyar ƙofar gida daban take da wannan. A can tuwon da aka riga aka tuƙa wa gida ne ake ɗibar wa maigida, kuma daga tsakar gida zuwa zaure taku kaɗan ne. A nan girki ne na musamman, na ƙarti takwas, wanda dole ya sauka kafin ƙarfe bakwai na safe. Wa zai yi shi? Matarka. Ita za ta tashi tun kafin assalatu ta hura wuta ta ɗora wake, alhali ga kokon yara, ga shirin makaranta, wataƙila ga goyo. Idan maza suka zauna suna lissafin karɓa-karɓa sai su ce ai kyauta ne, domin wahalar ba a jikinsu take ba. Ma'aikatanku mata kuwa su da kansu za su yi girkin, sannan su hau babur su zo su yini a tsaye suna awon ciki da rigakafi. Wanda bai yi aure ba fa, ko wanda iyalinsa ke wani gari yana kwana a ɗakin haya? Ranarsa sai dai ya saya muku a wajen mai talla, faranti takwas lokaci ɗaya.

Abin da ya fi damuna da wannan tsari shi ne kunya. Ranar shugaban asibiti za a buɗe kula a ga shinkafa da miya har da tsokar nama. Kwana biyu bayan nan layi ya zo kan mai gadi, ko yarinyar da ke aikin sa-kai ba ta da albashi. Babu wanda zai ce musu komai, amma su sun gani. Na ga inda dattijo mai shara ya ci bashi don kada kularsa ta kunyata shi a gaban yaran da ya haifi kamarsu, na kuma ga inda mutum ya riƙa ƙirƙiro uzuri duk ranar da layinsa ya zagayo, har aka fara yi da shi. An shiga don a rage kashe kuɗi, an ɓuge da gasa. Ƙari a kan haka, duk ranar da mai layi ya yi faci a hanya, ko ruwa ya tare shi, ko aka yi masa rasuwa, ku bakwai ne za ku yini da yunwa, mai talla kuma ta riga ta daina lissafi da ku.

Sai maganar lafiya, wadda ku kuka fi ni saninta. Abincin da aka sauke da ƙarfe shida na safe sai bayan azahar za a ci. Ƙa'idar da Hukumar Lafiya ta Duniya ke koyarwa ita ce kada dafaffen abinci ya wuce awa biyu a ajiye ba a kan wuta ba, ba a cikin sanyi ba. Kula mai kyau tana riƙe zafi, amma yawancin na gidajenmu sun tsufa, zuwa hantsi abincin ya koma ɗumi-ɗumi, yanayin da ƙwayoyin cuta suka fi so. Shinkafa ta fi haɗari, don akwai wata ƙwayar cuta da dahuwa ba ta kashe irinta, tana samun ɗumi sai ta farfaɗo ta saki guba. Ka tuna zafin Afrilu a ƙasar nan, inda ake haura digiri 40. Alala da miyar ganye ma ba sa jure wannan jira.

To ga karo-karo. Ƙarfinsa yana wajen awo. Kuna kusa da Gujungu, kasuwar da ke ci ranar Lahadi, ranar da yawancinku ba ku da aiki. A ƙiyasina rabin kwano na shinkafa, ina nufin tiya, da kwatan kwano na wake sun ƙosar da mutum takwas idan aka yi garau-garau. Ko da kullum shi za ku ci, kwano 10 na shinkafa da 5 na wake ke nan a wata, wato shinkafar kwatan buhu ce mai kwano 40. Ka je kasuwa ka tambayi kuɗin waɗannan a shinkafa 'yar gida, ka ɗora man gyaɗa ko manja, barkono, gishiri, ɗanɗano, albasa, icce da ladan mai girki, ka raba takwas, sannan ka ajiye shi kusa da Naira 20,000 ɗin nan. Da alƙalaminka za ka ga tazarar.

Kuma ba sai kun dogara da shinkafa ba, ita ce ma mafi tsada a cikin lissafin. Idan girki a garin ake yi, duk abin da lokaci ya kawo da araha shi ne abincinku. Da kaka wake ya sauko, ga dankalin Hausa, ga kabewa. Da sanyi zuwa farkon bazara kayan lambun fadamar Haɗejiya suna cika kasuwa, tumatir da albasa da tattasai, har a yanka a shanya don gaba. Da damina zogale da rama da tafasa kusan a bakin shinge ake tsinkarsu, a yi kwaɗo da ƙuli-ƙuli, ko a yi dambun tsakin masara ya sha ganye. Ɗanwake kuwa, wanda garin wake da na rogo da kuka da 'yar kanwa ne kawai, yana cikin mafi arha kuma yana riƙe ciki har yamma, amma da zafinsa ake cinsa. In ya yi tafiyar awa shida a kula ya sandare. Wannan shi ne abin da karɓa-karɓa ba zai ba ku ba: abinci daga kan murhu zuwa gabanku cikin mintuna.

Na ce a garin, ban ce a harabar asibiti ba. Hayaƙi da wanke-wanke ba su dace da wurin marasa lafiya ba, kuma ma'aikaciyar da aka ɗora wa tukunya ta bar aikin da aka ɗauke ta dominsa. Ku nemi mace mai tsafta a maƙwabta. Da ni ne, matar da kuke sayen abincinta yanzu zan fara tuntuɓa. Kun san hannunta, ta san bakinku, kuma janye mata ciniki takwas rana ɗaya ba ƙaramin giɓi ba ne a gidanta. Ku yanka mata lada bayyananne na wata, ku kuma ce a fili an yarda ta ɗebar wa yaranta wani abu daga tukunya. In ba a faɗa ba za ta ɗiba a ɓoye ko ta hana kanta tana kallo, dukansu babu daɗi.

Raunin karo-karo kuɗi ne a hannun mutum ɗaya, kuma nan ne irin wannan haɗaka take mutuwa. Maganinsa kada kuɗin ya kwana. A tara shi a makon da albashi ya shigo, mutum biyu su je kasuwa tare, a rubuta komai a littafi guda da kowa zai iya buɗewa. Kayan su zauna a kulle a wurinku, a riƙa auna wa mai girki na mako-mako. Wanda ya noma wake ko masara ya kawo tsaba, a yi mata kuɗi da farashin kasuwar wannan Lahadin, a cire daga kasonsa. Ta nan kun ɗauko babban alherin karɓa-karɓa kun shigo da shi. Idan kuka sayi wake da yawa da kaka, ku zuba shi a jarka mai murfi ku toshe yadda iska ba za ta shiga ba, ko a buhun PICS mai leda biyu a ciki, ƙwarin za su mutu da kansu. Kada wanda ya kawo shawarar fiya-fiya. Hukumar NAFDAC ta sha jan kunne a kan zuba irin wannan maganin ƙwari a kayan abinci, kuma ku ne ake kawo wa waɗanda suka ci.

Sharaɗin da na fi riƙewa shi ne kada ku raba kuɗin daidai wa daida. Albashinku ba ɗaya ba ne. Manya su ɗauki kaso mai nauyi, matsakaita su biyo, mai gadi da mai shara su ba da ɗan abin da ba zai ƙuntata musu ba, 'yan sa-kai kuma a bar su da ɗauko abinci da dawo da kwanuka in sun ga dama. A yanke wannan sau ɗaya a zaman farko, kada a sake tayar da shi, musamman a gaban tire. In wani ya ji ƙyashin cewa wane ya fi shi ci alhali bai kai shi biya ba, ku tuna masa da Ash'ariyawa, ƙabilar sahabi Abu Musa al-Ash'ari. Ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa idan guzurinsu ya yi ƙaranci sukan tara abin da ke hannunsu a mayafi ɗaya su raba daidai da mazubi ɗaya, Manzon Allah (SAW) kuma ya yabe su har ya ce su nasa ne, shi ma nasu ne. A karo-karo tukunya ɗaya ce, babu wanda zai nuna loma ya ce wannan daga gidan wane ta fito, talaucin kowa ya rufu.

Akwai ƙananan abubuwa da in ba a yi maganarsu tun farko ba su suke zama ƙorafi. Wanda ya yi fashin kwana ɗaya ko biyu ba a mayar masa da komai, wanda ya tafi hutu ko kwas na mako ko fiye a rage masa. Mai azumin Litinin da Alhamis a sauƙaƙa masa kasonsa. Watan Ramadan a dakata. Tire biyu, na maza da na mata. Yaji da ƙarin gishiri a ajiye su gefe saboda mai hawan jini da mai gyambon ciki. A riƙa auna rabon mutum tara, domin a ƙauye ba a rasa baƙo, ko jami'in da ya zo duba aiki, ko majinyacin da ya kwana bai ci komai ba, kuma babu wanda zai iya cin abinci yana kallonsa. Hannu kuma a wanke da sabulu, a zuba ruwa daga buta, kada kowa ya tsoma a roba ɗaya, balle da damina lokacin amai da gudawa.

Inda karɓa-karɓa zai yi kyau shi ne mutum uku ko huɗu, duk mazauna garin, samunsu kusan ɗaya, abinci zai fito daga gida da rana da zafinsa, kuma an tambayi matan gidan sun amince da bakinsu. Ku takwas, da yawancinku ke zuwa daga nesa, ba ku cika ko ɗaya daga cikin waɗannan ba.

Kada ku fara da buhu. Ku auno na mako biyu, Litinin zuwa Alhamis, tunda Juma'a da wuri ake watsewa, ku ga ko awon da na ƙiyasta ya ishe ku, ku ga kuma ko mai girki tana kawowa a kan lokaci. In ya zauna, sai ku jira kaka ku sayi wake da masara na watanni, shinkafa da mai kuwa ku ci gaba da sayensu wata-wata. Allah Ya sa albarka a abin da za ku haɗa, Malam, ka gaida abokan aiki.